Lemon Yaya a Gwangwanin Fenti

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, kai da abokan aikinka na can dajin da kuke shimfiɗa hanya, da fatan direban motar kaya zai miƙa maka wannan takarda kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Gwaggo na gaishe ka, gwiwa ce dai har yanzu take damunta. Maganar jikin Inna ce ta sa na ɗauki biro, amma kada gabanka ya faɗi, alheri ne.

Wata safiyar Talata a farkon watan nan, ina tsugune a tsakar gida ina wasa zarto kafin in tafi shago, sai na ji ana jan ƙafa a bayana. Na waiga. Inna ce tsaye a bakin ƙofar ɗakinta. Hannun dama na jikin bango, na hagun da ya shanye kuma ta rataya masa buta a wuyan hannu, ruwa na zuba a zaninta.

Ka san tun da ciwon nan ya taɓa mata ɓarin jiki likita ya ce babban maganinta tafiya. Na roƙa, na lallaɓa. Na ƙera mata sanda, ta ce in kai wa tsofaffi. Na kafa mata katako a jikin bango don ta riƙa dafawa, ta mai da shi wurin shanya ɗankwali. Daga gado sai tabarma, daga tabarma sai gado.

To ka tuna ranar da za ka tafi, kana shan lemo a tsaye kana jiran mota, ka tofar da 'ya'yan a tsohon gwangwanin fentina mai ƙasa a ciki? Ɗaya ya tsiro. Tun daga lokacin Inna ta ce wannan kai ne. In ya yi sabon ganye, ka samu ci gaba. In ya langaɓe, kana cikin damuwa. Da ta kwanta ni nake ba shi ruwa. To ashe Gwaggo ta zo shara ta matsar da shi gefe, ni kuma aiki ya sha kaina na manta da shi. Inna ta hango ta ƙofa ya sunkuyar da kai.

Ban motsa ba, don na san in na tashi taimako zama za ta yi. Ina kallo ta ja jiki har wurinsa, ta karkata butar, ta tsaya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da take cewa ba.

Daga nan dabara ta zo mini. Kullum in ta koma ɗaki sai in matsar da gwangwanin gaba, kamar faɗin tafin hannu. Ba ta lura ba. Yanzu ya kusa kaiwa wajen famfo, kuma kowace safiya tana zuwa. Ƙafar ta fara ɗaguwa, ta rage ja.

Sai dai, Yaya, bari in faɗa maka abin da ke raina. Ni nake ɗaga ta, ni nake wanki, ni nake hura wuta. Ban isa ta taka ƙasa domina ba. Kai kuwa tofarwa ka yi ka hau mota, ga shi ta tashi. Ba ta kurɓar shayinta sai ta shayar da kai. Shekaranjiya cewa ta yi in kwashe rigata daga igiya, wai na tare wa babban ɗanta rana. Na kwashe. Ba komai, ni dai ta tashi.

Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannuna ya fi sabawa da guduma.

Ƙanenka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na same ta ina lafiya lau, sai dai sauro, don tantinmu a bakin wani kududdufi aka kafa shi. Ka gaishe mini da Inna da Gwaggo. Na yi wa Allah godiya da jin Inna ta taka.

Amma na yi dariya har mai gadin sito ya leƙo ya ga ko lafiya. Kai yanzu, ƙato da kai, da gemu, da ɗan itace kake kishi? To ka shiga gwangwanin mana, ko a ba ka ruwa da safe.

Wasa a gefe, abin nan bai kwanta mini ba. Camfi ne. Rai da lafiya a hannun Allah suke, ba a ganyen lemo ba, kuma bai kamata muna ji muna gani mu bar tsohuwa tana hira da gwangwani ba. Yau ya tashe ta, gobe in akuya ta cinye shi fa? Shawarata, ka ɗauke shi ka jefar, ka ce mata ka kai shi gonar wani. Ka riƙa kai ta asibiti wajen masu gashin ƙashi, su ne aikinsu.

Kuma ka daina ƙorafi. Kai ka ga takunta na farko da idonka. Ni labari aka ba ni, shi ma a takardar da ta sha man inji a aljihun direba. Nan in gari ya waye ba mai tambayar yadda na kwana, sai dai a tambaye ni makullin sito.

Yayanka

Af, na manta. Itacen ya kai ina a tsawo? Ganyen masu faɗi ne? Tambaya ce kawai.

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Gwaggo lafiya, ni ma haka. Inna ce babu daɗi.

Motar kaya ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo, babu ko layi ɗaya daga gare ka. Na tare direba, ya ce shi a bakin sansani yake sauke kaya, wani ne yake sa masa hannu yanzu, bai gan ka ba.

Ban jefar da lemon ba. Na kai ta wajen masu gashi kamar yadda ka ce, ta zauna ta ɗaure fuska, ta ce wa ma'aikaciyar ita ba 'yar tsana ba ce da za a riƙa lanƙwasa ta. Ba ta sake yarda mun koma ba. Gwangwanin nan shi kaɗai take tashi dominsa, shi ya sa na bar shi. Tun da ka tambaya, ya wuce gwiwata.

To amma abin da ka ji tsoro ya soma faruwa, ba tare da akuya ba. Ganyen ƙasa sun yi rawaya, suna zuba ɗaya bayan ɗaya. Inna tana tsince su tana ƙullewa a bakin zani. Ta ce kana can kwance. Na ce aiki ne ya yi maka yawa, ta ce in rufe mata baki, me na sani. Da ta ga haka sai ta ƙara masa ruwa, safe da rana da yamma, har da ragowar shayinta.

Yanzu ta daina cin abinci. In na kawo sai ta ture kwanon, ta ce da wane baki za ta ci ɗanta na can ba mai ba shi ruwa. Na dafa wannan, na sayo wancan. Gwaggo ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Maman 'yan biyu, maƙwabciyarmu, ta shigo ta yi ta lallashi, da ƙyar ta karɓi loma biyu. Zoben hannunta yanzu zamewa yake yi.

Ni ina gabanta da kwano a hannu, idonta yana kan ƙofa. Ko da na yanke a yatsa na ɗaure da tsumma, ba ta ce sannu ba. Wallahi Yaya, jiya na tsaya a kan gwangwanin nan na ce masa, da ma ka mutu gaba ɗaya mu huta, ko Inna ta waiwayi waɗanda ke gabanta. Allah Ya yafe mini, gajiya ce.

Don girman Allah ka rubuto, ko da sunanka ne kawai a takarda, in sa mata a hannu.

Auta

*

Auta,

Salam. Ka ce wa Inna ina raye. Ka gaishe da Gwaggo. Rubutun ya karkace ne don ƙarfi bai gama dawo mini ba.

Zazzaɓi ne ya kayar da ni, irin wanda ban taɓa yi ba. An ɗauke ni a bayan motar yashi zuwa wani ƙaramin asibiti, ban san inda kaina yake ba. Da na farfaɗo na dawo sansani, takardarka na tarar tana jirana. Na karanta inda ka ce in mutu ku huta. Na ninke, na sake buɗewa, ko idona ne. Yana nan da hannunka.

Na zauna na yi tunani. Lokacin da ka ce ganye ya fara rawaya, lokacin ne jikina ya fara ciwo. Lokacin da suke zuba, ina kwance ana ƙara mini ruwa. Inna tana ɗakinta ta sani, ba wanda ya gaya mata. Ni da na yi dariya, yanzu ba na yi.

Kuma wa ya riƙa jan gwangwanin nan daga inuwar ƙofa zuwa tsakiyar rana, kaɗan-kaɗan, a ɓoye? Da bakinka ka faɗa. Tun wasiƙarka ta farko kake ciwon ruwan da ake ba shi. Na ɗauka wasa ne.

Kai ka san abin da ka samu kuwa? Kai kake jin tarinta da asuba. Kai take yi wa faɗa. In ta yi mafarki kai take ba labari. Ni duk abin da nake da shi a gidan nan gwangwani ne mai tsatsa, shi ma ya tsone maka ido. Da nake kwance a asibitin nan, na kusa da ni uwarsa ce ke goge masa goshi. Ni abin da na riƙe a raina shi ne, can gida akwai mai zuba mini ruwa da safe. Da shi na tashi.

Ka mayar da shi bakin ƙofarta inda yake tun farko, kuma kada hannunka ya sake taɓa shi. Na sa wata takarda daban a ciki, ta Inna ce. Maman 'yan biyu za ta karanta mata, ba kai ba.

Yayanka

*

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Sannu da jiki, sannu. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Gwaggo ta yi kuka da ta ji, ta ce a gaya maka ka riƙa cin abinci ko ba ka so. Inna tana ci yanzu, tun ranar da takardarka ta shiga hannunta. A ƙarƙashin matashinta take.

Na bar mota ta tafi sau ɗaya ba amsata, da gangan. Wadda na fara rubutawa ba ta aikuwa, na sa ta a murhu.

Itace na zaga, Yaya, ba kai ba. Na san a gidan nan an daina rarrabe ku, amma ni ban daina ba. Kishi kuwa, ina yi, ba zan ɓoye ba. Sai da na karanta taka na san ashe kai ma kana yi. Kai kana so a yi maka faɗa, ni ina so a zuba mini ruwa.

Na bi umarninka. Maman 'yan biyu ta karanta wa Inna takardar, har inda ka tona mata cewa ina matsar da gwangwani. Inna ta dube ni ta ce, "Ashe shi ya sa famfo yake ta matsowa." Ta sa Gwaggo ta dawo da shi bakin ƙofa. Daga zaune take miƙa hannu ta ba shi ruwa. Tafiya ta ƙare. Kafin wani lokaci ƙafar ta kumbura, ta koma ja kamar da. Itacen ma bai farfaɗo ba, duk da kai ka warke.

Game da zazzaɓinka, ni ban san abin da Allah Ya ɓoye ba, ba zan yi musu da kai ba. Abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Lokacin da ka rubuto an cire maka haƙori ba ka iya barci, kore shar yake. Lokacin da aka ba ka riƙon sito, ya zubar da ganye, Inna ta ce nauyin aiki ne. Kuma kai ka ce mini a bakin kududdufi kuke kwana. Ka nemi gidan sauro.

An hana ni taɓawa, amma ba a hana ni kallo ba. Na ga ruwa ba ya shigewa, sai ya kwanta a sama yana wari. Na ga saiwa ta leƙo ta inda tsatsa ta ci. Na bari ina jiran ranar da zan yi mata maganar.

Wata safiya ina sa mata takalmi, ta ce, "Cire, ya matse ni."

Na ce, "Inna, shi ma haka yake ji." Na nuna mata saiwar da ta leƙo. Na ce, "Yaya ya yi girma. Gwangwanin nan ya yi masa kaɗan."

Ta kau da kai. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, washegari ma haka. Ana nan sai ga ta ta kira ni, ta ce, "A ina za ka haƙa?"

Na ce can ƙarshen gida, jikin katangar baya, inda rana ke fara sauka.

Ta ce, "Duk faɗin gidan nan sai can? Na san nufinka, kai da wayonka na kafintoci." Sai ta ce in haƙa.

Safiyar Asabar aka yi. Na ce Gwaggo ta ɗauki gwangwanin, tunda kai ka hana ni. Inna ta ce, "Shi da ke can daji shi zai tsara mini gidana? Ba mai ɗaukar ɗana sai ƙanensa." Ta ce kuma ƙafarta ƙafarsa. Don haka na saɓa maka, da izinin wadda ta haife ka.

Na rungume gwangwanin a ƙirji, ta dafa kafaɗata. Muka kama hanya. Mun tsaya a wajen famfo ta huta, mun tsaya a wajen igiyar shanya. Gumi har a haɓarta. Na ce a kawo kujera, ta ce in na gaji ne in faɗa. Ba ta zauna ba sai a jikin katangar baya. Tun da ta kwanta ba ta taɓa zuwa nan ba.

Na tsaga gwangwanin. Saiwar ta naɗe kanta kamar igiya, ƙasan ya yi baƙi. Na sassauta ta a hankali, na sa a rami. Ina durƙushe kaina a ƙasa ina tura ƙasa da hannu, sai Inna ta fara hirarta da shi. Ka san kullum daga nesa nake hango bakinta yana motsi, ina cewa a raina ana can ana yabon babban ɗa. Wannan karon a kan kunnena take yi.

Cewa take, "To ga fili ka samu, sai ka miƙe ƙafa. Ƙanenka ne ya haƙa maka. Yau ma ya cika wa shayi sukari. Yatsan nan nasa bai warke ba, yana ɓoye mini, yana tsammani ban gani ba. Ya rame. Yarinyar nan mai ɗinki ta gaji da bi ta ƙofar shagonsa, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai yana buga ƙusa. Ni na tsare shi. Ka rubuto ka yi masa magana, kai ne babba. Kai kuma ka yi tafiyarka ka bar yaro da tsohuwa."

Na kasa ɗago kai. Na yi ta danna ƙasar da ta riga ta dannu.

Maman 'yan biyu da ke tsaye a gefe ta ce mini, "Au, yau ka fara ji? Ni kullum ta katanga nake sha. Ai tashar rediyon nan ba ta da wani labari sai naka."

Kada ka ce na ci riba. Da aka gama, Inna ta dubi mutane ta ce, "Kun gani, babban ɗana ya tashe ni." Gwaggo ta ce, "To kafaɗar wa kika dafa?" Inna ta ce, "Kafaɗa ai ta gida ce." Aka yi dariya, har da ni.

Na riga na gaya mata zai zubar da ganye kafin ya kama, gajiyar sabon wuri ce, kamar yadda ka rame a watanninka na farko. Ta yarda. Na kewaye shi da guntayen katako saboda akuyar da ka ambata. Ko zai rayu, ban sani ba. Shi ya sa nake roƙonka, kowace mota ta zo da takardarka, ko kana lafiya ko ba ka lafiya. In ya bushe wata rana, ina so a samu rubutunka na satin a hannunta. Kada ka sake barin ganye ya ba da labarinka.

Kowace safiya yanzu tana zuwa can ta dawo. Ni ba ni da sauran inda zan matsar da kai, ka kai bango.

Tunda ka daina yarda da bakina, ba ni kaɗai na gani ba. Gwaggo tana wurin. Maman 'yan biyu tana wurin, da goyonta. Sai direban da zai miƙa maka wannan takarda, wanda ya biyo da sassafe ya ji ko akwai saƙo, Inna ta sa shi riƙe buta har aka gama. Ka dubi tabon laka a ƙafar wandonsa, ka tambaye shi.

Ƙanenka,
Auta